Abin da kwangilolin dakon wasiƙu a teku suka koya mini

A karatun da na yi na tarihin sufuri, babu abin da ya buɗe mini ido game da yadda hukuma take sayen aiki a hannun ɗan kasuwa kamar kwangilolin dakon wasiƙu a jiragen ruwa masu tururi na ƙarni na 19. Duk wanda ya ji an ce kuɗin dako zai ɗauka buhuna ake ɗorawa a sikeli a biya gwargwadon nauyinsu, alhali a farkon lamarin nauyi bai shiga lissafi ba sam.

A shekarar 1839 Samuel Cunard, wani ɗan kasuwa na garin Halifax da ke Kanada ta yau, ya sami kwangilar kai wasiƙun Birtaniya daga Liverpool zuwa Halifax da Boston a kan fam 55,000 a shekara, aka ƙara kuɗin zuwa fam 60,000 da aka tsayar cewa jirage huɗu za su yi aikin. Jirginsa na farko, Britannia, ya tashi ranar 4 ga Yuli, 1840. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne jirgi ya tashi a ranar da aka ajiye, ko wasiƙu sun cika buhu ɗari ko ba su cika ɗaya ba, kuma jinkiri yana jawo tara. Na daɗe ina juya wannan sharaɗi kafin na gane cewa lokaci ne gwamnati take saye. Jirgin da iska ke turawa yakan yi wata guda ko fiye a hanya, babu mai iya faɗin ranar isowarsa, shi kuwa mai tururi yana ƙetare tekun Atalantika cikin kimanin mako biyu, sai dai gawayin da yake ci yana cinye wurin da kaya za su zauna, saboda haka kuɗin fasinja da na kaya kaɗai ba za su riƙe shi ba. Wani abin lura kuma, daga 1837 zuwa 1860 hukumar sojan ruwan Birtaniya ce take ƙulla waɗannan kwangiloli, ba gidan waya ba, domin ana son jiragen da za a iya juya su zuwa aikin yaƙi idan buƙata ta taso.

Haka aka yi da gaɓar Afirka ta Yamma a 1852, lokacin da kamfanin Macgregor Laird ya karɓi kwangilar kai wasiƙu sau ɗaya a wata, jirgin yana tsayawa a Saliyo da Akra da Legas da wasu tashoshi. Amfanin ya zarce wasiƙa, domin ƙananan 'yan kasuwa da ba su da halin mallakar jirgi sun sami damar aika manja zuwa Ingila da karɓo kaya a ranar da suka sani.

Amurka ce ta nuna mini haɗarin da ke cikin biyan dunƙulallen kuɗi. Ta ba kamfanin Edward Collins dala 385,000 a shekara don ya kara da Cunard, sannan a 1852 ta ɗaga kuɗin zuwa dala 858,000. Jiragen Collins sun fi gudu, amma gudun yana cin gawayi yana wahalar da injina, ga kuma asarar da ta biyo baya: jirgin Arctic ya nutse a 1854 da ɗaruruwan mutane, Pacific kuma ya ɓace a 1856. Da majalisa ta rage tallafin, kamfanin ya durƙushe a 1858, domin bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. A shekarar ce Amurka ta yi dokar da ta taƙaita biyan jirgi ga kuɗin da wasiƙun da ya ɗauko suka samar. A ganina dokar ta yi daidai wajen kare baitulmali, ko da yake ta sa akasarin wasiƙun Amurka suka koma jiragen ƙasashen waje.

Ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rabon kuɗin wasiƙa guda tsakanin ƙasashe biyu. A 1847, da jirgin Amurka mai suna Washington ya isa Southampton, gidan wayar Birtaniya ya sake cajin sule ɗaya a kan kowace wasiƙa, duk da cewa an riga an biya kuɗin teku a Amurka. Amurka ta rama a 1848, mai wasiƙa ya zama shi ke biya sau biyu a kan rigimar da ba tasa ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 1848 ta tsayar da senti 24 a kan wasiƙa mai nauyin rabin oza: senti 5 na Amurka, 3 na Birtaniya, 16 kuma na ƙasar da jirginta ya yi dakon. Rabon ya yi adalci, amma ya ɗora wa ma'aikata aikin buga lamba a kan kowace wasiƙa, ja idan kuɗin da za a ba ɗaya ƙasar ne, baƙa idan bashin da ake bin ta ne, kuma kowace ƙasa tana da yarjejeniya daban da kowace abokiyar hulɗarta.

Taron ƙasashe kan harkar wasiƙu da aka yi a birnin Bern na Switzerland a 1874, wanda Heinrich von Stephan, shugaban gidan wayar Jamus, ya jagoranci shirya shi, ya yanke wannan wahala da hujja mai sauƙi, cewa galibi wasiƙa tana jawo amsa, don haka kowace ƙasa ta riƙe kuɗin kan sarkin da ta sayar. Ƙasashe 22 suka amince da santim 25 na kuɗin Faransa a kan giram 15, dakon teku da ya wuce mil 300 kuma aka mayar da shi kan kilo, ana kiyasta nauyin daga awon da ake yi a wani ɗan lokaci da aka keɓe. Wasiƙar da a 1849 take cin senti 24 daga New York zuwa Landan, daga 1 ga Yuli, 1875 senti 5 kawai take ci.