Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwatin Iya da Asalin Dangin Bunch

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda na samu aikin kula da wata tsohuwa a bayan garin Knoxville, jihar Tennessee, lokacin da Baban yara yake fama da karatunsa, kuɗin tallafin makaranta kuma ba ya kai mu ƙarshen wata. Na yi muku alkawarin labarin akwatinta, to ga shi.

Iya nake kiranta, ita kuma ta ce da ni "'yata". Ta haura tamanin. An ɗauke ni ne don wanka da magani da girki, amma ban daɗe ba na gane idanuna ta fi buƙata. Nata sun yi rauni, ga shi ta ɗaura niyyar sai ta gano inda dangin kakarta suka fito kafin ta bar duniya.

Akwatin na kwano ne, yana ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai tsohon Baibul na gidansu, wanda aka jera sunayen haihuwa da aure da mutuwa a shafukansa na farko, sai wasiƙu ɗaure da zare, sai hoto guda da ya fara cinyewa ta gefe. Mace ce zaune a bakin wani ɗakin katako, fatarta da duhu, gashinta baƙi wuluk mai santsi, ta aza hannuwa a kan gwiwa. Kakar Iya ke nan ta wajen uwa. Sunan gidansu Bunch, an haife ta a kan tudun Newman's Ridge, gundumar Hancock, dab da iyakar Virginia. Iya ta ce duk ranar da ta tambaye ta su wane ne su, amsa ɗaya ce: "Mu 'yan Fotugal ne." Daga nan sai ta kama wani aikin.

Maƙwabta kuwa Melungeon suke ce musu, kuma a wancan zamani zagi ne. Gidajen da ake yi wa wannan kira sanannu ne: Collins, Gibson, Goins, Mullins, Bunch. Babu irin labarin da ba a ƙaga a kansu ba. Wasu sun ce jikokin matuƙan jiragen ruwa ne na Fotugal ko Turkiyya, wasu sun ce ragowar Turawan da suka ɓace a tsibirin Roanoke ne bayan 1587, wasu suka ce Cherokee ne kawai, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar.

Ranar Alhamis nake tura kekenta zuwa ɗakin adana tarihi na McClung da ke titin Gay a cikin Knoxville. A can na koyi cewa mai neman asali da baya da baya yake tafiya: daga kanka sai iyaye, sai kakanni, kuma ba ka taka mataki sai da takarda a hannu. Amurka tana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, amma kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran 'yan gida sai dai a ƙirga su a layin shekaru. Ƙidayar 1890 kusan dukkanta ta salwanta a gobarar da aka yi a Washington a 1921. Kotun Sneedville, hedkwatar gundumar Hancock, ita ma ta ƙone fiye da sau ɗaya. Gundumar kanta sai a 1844 aka yanko ta daga Hawkins da Claiborne, don haka duk abin da ya girmi haka sai ka nufi takardun waɗancan.

Ba na manta ranar da muka kai ga ƙidayar 1830 ta Hawkins. An ɗauki takardun a fim, ana murɗa wata na'ura suna wucewa a kan gilashi. Rubutun malamin ƙidayar a karkace yake, tawadar ta dushe. Na ga sunan kakan kakarta, na ɗora yatsa na bi layin zuwa dama ina neman inda aka ƙirga iyalinsa. Gurbin farare fayau, babu ko ɗigo. Sai da na murɗa zuwa ɓangaren da aka ware wa 'yantattu masu launin fata, can na iske su, maigida da matarsa da yara. Na karanta mata. Ta yi shiru, sannan ta ce in sake karantawa. A ƙidayar 1850 kuwa, 'ya'yan wannan mutumin dai, a kan tudun nan dai, farare aka ɗauke su.

Abin da ya faru a tsakani shi ne ya buɗe min ido. A 1834 Tennessee ta sake tsarin mulkinta, ta ƙwace wa 'yantattu masu launin fata haƙƙin jefa ƙuri'a. A wancan zamani, a ce kana da jinin Afirka asara ce a kotu, a wajen aure, a wajen makarantar 'ya'yanka. Ɗan Fotugal kuwa Bature ne a idon doka ko da fatarsa ta yi duhu. Kalmar da kakar Iya take maimaitawa garkuwa ce da aka gada. Kuma ba su yi gaggawar ajiye ta ba, domin farautar ba ta ƙare ba. A 1924 Virginia ta kafa dokar da ta ce duk mai ɗigon jinin baƙar fata ba fari ba ne. Walter Plecker, wanda ya riƙe ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar daga 1912 zuwa 1946, ya aika wa ma'aikata takarda a 1943 ɗauke da sunayen gidajen da za a sa wa ido, gunduma bayan gunduma. Bunch yana ciki, tare da Collins da Gibson da Goins. A lokacin Iya tana yarinya. Yaya za a yi kakarta ta zaunar da ita ta ba ta labari?

Daga nan zaren ya ja mu zuwa Virginia, inda waɗannan gidaje suka taso kafin su gangara Carolina ta Arewa, su hau duwatsun Appalachia suna sare daji a bakin iyaka, inda hukuma take da nisa.

Ranar 9 ga Yuli, 1640, babbar kotun Virginia ta yanke hukunci a kan barori uku masu aikin wa'adi na wani mai gona, Hugh Gwyn, da suka gudu Maryland aka kamo su. Ɗaya Victor, mutumin Holand. Na biyu James Gregory, mutumin Sikotland. Na uku John Punch, baƙar fata. Kowa bulala 30. Turawan biyu aka ƙara musu shekara huɗu a kan wa'adinsu, ɗaya ga ubangidansu, uku ga hukuma. Punch kuwa aka ce zai yi bauta har ƙarshen ransa. Laifi ɗaya, rana ɗaya, alƙalai ɗaya. Saboda wannan hukuncin ne masana tarihi da yawa suke kiransa mutum na farko da kotu ta mayar bawa na dindindin a Virginia, shekara 21 bayan an sauke 'yan Afirka na farko a Point Comfort a 1619.

Ba a jima ba sai ga wani John Bunch a takardun yankin, ɗa ne ba bawa ba, har ya mallaki fili a gundumar New Kent. A 1662 Virginia ta kafa doka cewa yaro matsayin uwarsa yake bi: ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa, ɗan 'ya kuma ɗa ne. Nan na tsaya na yi wa Iya bayanin cewa abin da na taso na sani a fiƙihunmu daban ne, domin a wajenmu ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne mai gado, sarakuna nawa ma aka yi haka. Su kuwa sun tsara dokar ne don mai gona ya mallaki 'ya'yan cikinsa. Amma ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: Baturiya baranya da ta haihu da ɗan Afirka, zuriyarta ba bayi ba ne. Binciken Paul Heinegg, wani mai bin diddigin asalin dangi, ya nuna mafi yawan gidajen 'yantattun baƙaƙe na Virginia a zamanin mulkin Ingila ta wannan ƙofar suka fito. A 1691 aka zo rufe ta, aka ce duk Baturen da ya auri baƙar fata ko ruwa-biyu ko ɗan asalin ƙasar za a kore shi daga Virginia.

Takardar da ta fi taɓa ni ta 1705 ce. Wani John Bunch na baya, wanda masu bincike suke lissafawa na uku, ya kai ƙara gaban hukuma domin limamin cocin Blisland ya ƙi sanar da aurensa da wata Baturiya, Sarah Slayden, wai shi ruwa-biyu ne. A cikin shekarar nan majalisa ta fayyace cewa ɗa, da jika, da tattaɓa-kunnen baƙar fata duk ruwa-biyu ne. Saurayi ya je neman aure, aka auna masa jini har hawa uku.

To ina takardar da ta ce John Bunch na farko ɗan John Punch ne? Babu ita. Takardun New Kent sun ƙone a 1787, lokacin da John Price Posey ya cinna wa ofishin magatakarda wuta, aka rataye shi a kan haka. Waɗanda aka tara daga baya an kai su Richmond don tsaro a lokacin yaƙin basasa, suka ƙone a gobarar Afrilun 1865 tare da kundin babbar kotu. Hukuncin Punch kansa ya tsira ne saboda wani lauya, Conway Robinson, ya kwafe shi kafin gobarar.

A Yulin 2012 masu binciken kamfanin Ancestry, mai bin diddigin asalin dangi, suka fitar da sakamakon aikin shekara biyu. Gwajin ƙwayar halitta ta Y, wadda take bi daga uba zuwa ɗa namiji, ya nuna mazan wannan reshe na Bunch daga kudu da Sahara kakansu ya fito. Suka haɗa wannan da kusancin wuri, da kamannin sunayen biyu, da kasancewar 'yan Afirka a Virginia a lokacin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, suka ce Punch ne ya fi dacewa ya zama uban gidan. Abin da ya kai labarin jaridu shi ne wani reshen ya bi ta Tennessee da Arkansas har Kansas, ya kai ga Ann Dunham, mahaifiyar Barack Obama. A shekarar ne kuma wani bincike a kan gidajen Melungeon ya nuna maza 'yan Afirka da na Turai, mata kuma Turawa, su ne tushen, ba matuƙan Fotugal ba.

Iya ta so in rubuta Punch a saman jadawalin da muke zanawa. Na ce: "Iya, jinin Afirka ya tabbata a kan mutanen da aka gwada. Punch kuwa zato ne mai ƙarfi, ba shaida ba. Kuma tsakanin kakanki na 1830 da Bunch na New Kent akwai fiye da shekara ɗari da ba mu cike ba tukuna." Ranta bai so ba, amma ta yarda. Ta ce in sa abin da takarda ta tabbatar da biro, sauran da fensir. Har yau ina ganin hakan shi ne adalci ga mutanen nan. An yi ƙarni biyu ana rubuta musu asalin da ya yi wa wasu daɗi, bai kamata mu ma mu ƙara namu ba, ko da kuwa mai daraja ne.

Hanya ɗaya ta rage ta tsallake wannan giɓin, wato gwajin Y. Iya mace ce, kuma ta wajen mata ta haɗu da gidan, don haka nata yawun ba zai amfana ba. Sai an samu namiji mai ɗauke da sunan Bunch daga uba zuwa uba. Mutum ɗaya ya rage mata, jikan ƙanen kakarta, dattijo mai kiwon shanu a can cikin duwatsu. Na buga mata lambarsa, na riƙe mata wayar a kunne. Gaisuwa ta tafi lafiya har ta ambaci ƙidayar 1830. Ya ce kakanninsa 'yan Fotugal ne, haka ubansa ya faɗa masa, ya kashe wayar.

Iya ta ce in duba mai a mota, ranar Asabar za mu Sneedville, ba za ta yi wannan maganar ta waya ba. Yadda muka hau tudun nan da keken guragu a bayan mota, da irin tarbar da matarsa ta yi wa mace mai hijabi a ƙofar gidansu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.