Iya Turanci Daban, Iya Koyar da Shi Daban

Tun da abokan aikina a nan Jos suka ji cewa na yi kwas na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, tambayar da suka fi yi mini ita ce wace takardar shaida ce ta fi daraja, kuma ko za ta iya kai mutum ƙasar waje. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin nakan ce su ajiye maganar takarda tukuna, su fara bincika ko a cikin kwas ɗin akwai ɗalibai na gaske da za su koyar, da kuma gogaggen malami da zai sa musu ido yana rubuta duk abin da suka yi a aji. Intanet cike take da kwasa-kwasai masu araha da ake gamawa da kallon bidiyo da amsa tambayoyi, amma wanda bai taɓa tsayawa gaban ɗalibai an gyara masa ba, bai samu abin da ya biya kuɗi dominsa ba.

Takardu biyu ne suka fi karɓuwa a duniya a wannan fanni, wato CELTA ta Jami'ar Kambirij da CertTESOL ta Kwalejin Trinity da ke Landan. Asalin irin wannan horo na gajeren lokaci yana komawa ga kwas ɗin da John Haycraft ya fara a makarantar International House ta Landan a 1962, bisa ra'ayin cewa a cikin aji ake koyon koyarwa. CELTA, wadda ita na yi, tana ɗaukar sa'o'i wajen 120, waɗanda mai yin ta kullum ba tare da haɗa ta da wani aiki ba yakan kammala cikin mako huɗu zuwa biyar. A ciki akwai sa'o'i 6 na koyar da manyan ɗalibai a matakai biyu daban-daban ana ba mutum maki, da wasu sa'o'i 6 na kallon ƙwararrun malamai suna aiki, sai kuma rubuce-rubuce guda 4. Tun daga 2020, lokacin annobar korona, aka amince a yi ta gaba ɗaya ta intanet, kuma ta wannan hanya ce na yi tawa daga ɗakina, da janareta a shirye saboda halin wutar lantarkinmu.

Ɗaliban da aka ba mu don gwaji daga ƙasashe daban-daban suke, kuma babu ko ɗaya da yake jin Hausa. Wannan ya toshe mini hanyar da dukkanmu muka saba bi, ta fassara kalma a wuce gaba. Ya zama dole in nuna hoto, ko in kwatanta da hannu, ko in ja layi a allo in sa alamar jiya da yau da gobe domin bambance abin da ya riga ya faru da wanda har yanzu yake ci gaba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masu horarwar suka hana mu tambayar nan da kowane malami a ƙasar nan yake rufe bayaninsa da ita. Duk wanda ya yi firamare a Arewa ya san yadda ake yi: malami ya gama bayani ya ce, "Kun gane?", aji kuma ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam!", alhali rabinsu ba su san inda aka dosa ba, kunya ce kawai da girmama malami suka sa su amsawa. Maimakon haka, an koya mana mu shirya gajerun tambayoyi tun kafin shiga aji, waɗanda amsarsu ce za ta tona ko an fahimta. Idan jimlar tana nufin cewa mutum ya taɓa zama a Kano a da amma ya tashi, sai a tambayi ɗalibi ko mutumin yana Kano yanzu, da kuma ko ya taɓa zama can. Wanda ya ce yana can har yanzu ya nuna wa malami daidai wurin da bayanin ya kuɓuce masa. Haka kuma bayan kowane darasi mai horarwa takan gaya wa kowa yawan lokacin da ya cinye yana magana shi kaɗai, domin ƙa'idar ita ce ɗalibai su fi malami magana, bibbiyu ko cikin ƙananan rukunoni, shi kuma yana zagayawa yana saurare yana rubuta kurakuran da zai gyara daga baya ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Ga wanda ya taso a tsarin da ake auna ilimin malami da tsawon jawabinsa, yin shiru a aji ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai dai ba duk abin da aka koya mana na ɗauka yadda yake ba. Ajin yamma da nake koyarwa yanzu na manya ne, yawancinsu 'yan kasuwar kayan gwari ta Farin Gada da masu tuƙa keke Napep, da wasu mata masu son su riƙa karanta takardar asibiti da saƙon banki da kansu, kuma Hausa ce ta haɗa mu duka, har da waɗanda Birom ko Ngas ne harshensu na gida. An tsara kwas ɗin ne don ajin da malami da ɗalibai ba su da harshe ɗaya, don haka a ganina ɓata lokaci ne in shafe minti goma ina kwatance da hannu kan abin da jimla ɗaya ta Hausa za ta warware. Nakan yi bayanin nahawu mai wuya da Hausa a taƙaice, sannan mu koma Turanci wajen atisaye. Sanin Hausa yana kuma sa in hango inda za su yi tuntuɓe tun kafin su kai wurin. Akwai wani dattijo mai sayar da tumatir, wanda muke kira Baba Alhaji, da ya daɗe yana fama da bambanta sautin p da na f, tunda Hausa ba ta raba su. Na miƙa masa ƙyallen takarda ya riƙe a gaban bakinsa, na ce ya haɗe leɓɓansa ya sake su da ƙarfi har takardar ta motsa, sannan ya ɗora haƙoransa na sama a kan leɓen ƙasa ya hura iska a hankali. Da ya ga takardar ta yi tsalle a na farko, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe shekara da shekaru a leɓe abin yake."

Game da aikin ƙasar waje kuwa, gara mutum ya san gaskiya kafin ya kashe kuɗinsa, domin a Ingila kuɗin kwas ɗin yakan haura fam 1,000, wanda a canjin yau ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashin malanta. Wasu ƙasashe fasfo suke dubawa kafin takarda. Koriya ta Kudu, alal misali, ta gina bizarta ta malaman Turanci a kan 'yan ƙasashe bakwai, cikinsu har da Afirka ta Kudu, amma babu Nijeriya. A gida kuma CELTA ba ta maye gurbin NCE ko digirin ilimi, ba ta kuma ɗauke wa mutum rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, idan makarantar gwamnati yake nufi. Inda take da amfani shi ne cibiyoyin koyar da manya, da shirya masu zana jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci ga masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, da koyarwa ta intanet. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya farawa da jarrabawar TKT ta gwajin sanin dabarun koyar da Turanci, wadda ita ma ta Kambirij ce kuma ta fi sauƙin kuɗi, sannan ya roƙi wani gogaggen malami a makarantarsu ya riƙa zama a bayan ajinsa lokaci-lokaci da biro da takarda, yana rubuta masa minti nawa ya yi yana magana da kuma sau nawa ya tambayi ɗalibai ko sun gane.