Naɗin kwabbai daga banki: abin da na samu a yau Asabar

Asabar, 6 ga Disamba 2025, Columbus, jihar Ohio

Yau da hantsi na je reshen bankin unguwarmu da niyyar karɓar kwalin kwabbai kamar yadda na saba, don in tsinto tsofaffi da waɗanda ba a cika samu ba, sai ma'aikaciyar da ke kan kanta ta shaida mini cewa sun daina ba mutum ɗaya kwali cikakke, domin abin da ke iso musu ya ragu ƙwarai, ga kuma masu shaguna suna jiran na bayar da canji. Ban ga laifinta ba, tunda kwali guda na dala 25 ne, a cikinsa akwai naɗi 50, kowane naɗi kuma yana ɗauke da kwabo 50, wato santi ɗaya-ɗaya har guda 2,500. Tun ranar 12 ga Nuwamba, da aka buga kwabon ƙarshe na hada-hadar yau da kullum a ma'aikatar buga kuɗi ta Philadelphia, kowa ya san cewa abin da ke hannun jama'a shi ne ya rage. Dalilin gwamnati a fili yake, domin a lissafin shekarar 2024 tana kashe santi 3.69 kafin ta buga abin da darajarsa ba ta wuce santi ɗaya ba, amma duk da haka raina bai so a ce kuɗin da ake bugawa tun 1793 ya zo ƙarshe a kan idona ba.

Da ta ga ban tafi ba, sai ta buɗe aljihun teburinta ta fito da wasu naɗe-naɗe da wani ya kawo ajiya a cikin makon nan, ta tambaye ni ko zan karɓe su. Na karɓa da hannu biyu. Naɗin da inji ya yi yakan zo a matse, bakinsa a lanƙwashe sumul, kuma yawancin abin da ke ciki ya riga ya bi ta hannun masu bincike irina. Wanda mutum ya naɗe a gida kuwa, bakinsa a ninke yake da yatsa, takardar ta koɗe, kuma sau da yawa daga kwalbar da wani dattijo ya yi shekaru yana zuba canjinsa ya fito. A ganina irin wannan naɗi guda goma ya fi kwalin inji gaba ɗaya, ko da yake wani lokaci akan tarar an rage kwabo ɗaya ko biyu a ciki, mutum ya yi haƙuri.

Bayan sallar azahar na shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin cin abinci don kada kwabban su gangara ko su karce juna, na jera fitila, da gilashin ƙara girma, da ƙaramin sikeli mai auna giram, da maganaɗisu, da kofuna na rarrabawa. Ƙaramar 'yata ta jawo kujera ta ce, "Abba, ni zan riƙa juya su, kai ka riƙa karanta shekarar." Aikin da ta zaɓa shi ne mafi muhimmanci a zagayen farko, domin bayan kwabo ne ke fara faɗa wa mutum zamaninsa. In an ga garkuwa, daga 2010 ne zuwa yanzu. In an ga gini mai ginshiƙai na tunawa da Lincoln, tsohon shugaban Amurka da hotonsa yake a gaban kwabon, tsakanin 1959 da 2008 ne, na 2009 kuma zane huɗu aka yi masa na tarihin rayuwar mutumin. Abin da muke farauta shi ne mai zangarniyar alkama biyu a gefe da gefe, wanda aka buga daga 1909 zuwa 1958.

Naɗe-naɗen farko ba su ba mu komai ba sai baƙin yatsu da warin ƙarfe. Sababbin kwabbai da yawa sun yi ƙuraje, wasu har sun ɓule, kuma dalilin haka shi ne a cikin shekarar 1982 aka sauya ƙarfen da ake bugawa da shi. Kafin nan kashi 95 cikin ɗari jan ƙarfe ne, nauyinsa giram 3.11, daga baya ya koma tutiya da aka yi wa siririyar rigar jan ƙarfe, nauyinsa giram 2.5, kuma da zarar rigar ta tsage sai laima ta shiga ta cinye cikin. Shi ya sa za ka ga kwabon 1964 yana nan garau da launinsa na ƙasa-ƙasa, alhali na 2015 ya riga ya lalace. Duk wanda ya girmi 1982 nakan ware shi a kofi na daban, ba don in narkar ba, domin tun ƙarshen 2006 doka ta haramta narkar da kwabon Amurka, tarar tana iya kai dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar. Ina ajiye su ne saboda su ne za su jure wa zamani.

Na 1982 su ne masu cin lokaci, tunda a shekarar an buga iri biyun duka, kuma da ido ba a rarrabe su da tabbaci, dole sai an ɗora kowanne a sikeli. Akwai kuma bambancin girman lambobin shekarar, manya da ƙanana. Mai ƙananan lambobi da harafin D, alamar ma'aikatar Denver, in har ya zama na jan ƙarfe, abu ne da bai kamata a ce ya wanzu ba, amma an gano guda a 2016, aka sayar da shi a gwanjo a kan dala 18,800. Na auna duk waɗanda suka faɗo hannuna yau ɗaya bayan ɗaya, masu ƙananan lambobi da D duka giram 2.5 suka nuna, na mayar da su cikin sauran.

Wajen tsakiyar aikin ne muka buɗe wani naɗi mai takarda ja da ta yi laushi don tsufa, yarinyar ta juya na farko ta ce, "Abba, ga alkama!" Kafin mu kai ƙarshen naɗin mun tara alkama da dama, akasarinsu na shekarun 1940 da 1950, irin su 1944 da 1952 da 1957. Waɗannan ba su da wata tsada, domin a 1944 kaɗai ma'aikatar Philadelphia ta buga fiye da biliyan ɗaya, kuma dillali ba zai ba ka abin da ya wuce 'yan santi a kan kowanne ba. Amma a cikinsu akwai guda ɗaya da ya sa na ajiye komai na matso da fitila. Ya shafe sosai, gashin Lincoln da gemunsa sun zama sumul kamar bakin tsohon turmi, layukan zangarniyar sun ɓace sai inuwarsu, amma lambobin 1919 sun fito sarai, kuma a ƙarƙashinsu ga ɗan ƙaramin harafin S, alamar ma'aikatar San Francisco. Na leƙa gindin kafaɗar Lincoln, inda tun 1918 aka mayar da haruffan VDB na Victor David Brenner, mutumin da ya zana kwabon, sai na tarar hannayen mutane sun cinye su, ɗan tabo kawai ya rage.

Wannan kwabo ba shi da wuyar samu a wajen masana, tunda an buga irinsa fiye da miliyan 139, kuma a yadda ya shafe ɗin nan da ƙyar ya kai dala ɗaya. Duk da haka na daɗe ina juya shi. An buga shi ne shekara guda bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, a can gaɓar yammacin ƙasar, ya ratso shekarun karayar tattalin arziki na 1930 lokacin da kwabo ɗaya yake da amfani a hannun talaka, kuma bayan shekara 106 ya iso teburina a kan farashinsa na ranar farko. Ban san wani abin tarihi da ake saye da arha haka ba. Abin ya fi taɓa ni ne saboda na tashi ina jin iyayenmu suna labarin kwabo mai huji da anini na zamanin Turawa, kuma bayan an koma naira da kobo a ranar 1 ga Janairun 1973, ba wanda ya yi tunanin ajiye su a gidanmu, har suka ɓace ba mu da ko ɗaya da za mu nuna wa yara.

Yarinyar ta tambaye ni ko wata rana za mu samu irin wanda ake sayarwa a sayi gida. Na gaya mata gaskiya, cewa sunayen da ake yayatawa ba su cika zama a naɗin banki ba. Na 1909 mai S da VDB a bayansa guda 484,000 kawai aka buga kafin a cire haruffan saboda ƙorafin cewa sun fito da yawa, kuma tun a lokacin mutane suka fara ɓoye shi. Na 1914 mai D da na 1931 mai S su ma an tsince su tun zamanin kakanni. Na 1943 kuwa da baƙin ƙarfe aka buga su, aka shafe da tutiya, domin yaƙi yana buƙatar jan ƙarfe, sai 'yan ƙalilan da aka buga da jan ƙarfe bisa kuskure, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya kai dala miliyan 1.7 a 2010. Saboda wannan ne na jabu suka yi yawa, kuma amfanin maganaɗisun da ke teburina ke nan: in kwabon 1943 mai launin ja ya manne masa, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga. Ina jin takaicin yadda ake ruɗar mutane da labarin miliyoyi, su shiga harkar da kwaɗayi, su fita da ɓacin rai, ba tare da sun koyi kallon abin da ke hannunsu ba.

Inda mai haƙuri yake da rabo na gaske shi ne kura-kuran bugu na shekarun baya-bayan nan, domin su ba kowa ne yake tsayawa ya duba ba. Bayan la'asar na koma kan kofin masu ginin Lincoln da gilashi a hannu. A na 1995 ana duba kalmar LIBERTY ko haruffanta sun ninku, a na 1984 ana duba kunnen Lincoln ko ya zama biyu, a na 1972 kuma lambobin shekarar da rubutun sama. Wajibi ne a bambanta ninkin da ya fito daga hatimin bugawa kansa, wanda yake da kauri da tsaga a ƙarshen haruffa, da wanda girgizar inji ta haifar, wanda yake a baje kuma ba shi da daraja. Sai kuma haruffan A da M a kalmar AMERICA: daga 1993 kusan manne suke da juna, amma a 1998 da 1999 da 2000 an yi amfani da hatimin da ba na kwabban yau da kullum ba a wasu, suka fito da tazara a tsakaninsu. A cikin na 2000 na ci karo da guda ɗaya da tazarar ta fito fili. Na jera shi kusa da wani na shekarar, na duba, na sake dubawa, bambancin bai ɓoyu ba. A cikin shekarun uku shi ne mafi sauƙin samu, kuma kuɗinsa 'yan daloli ne, amma na ji daɗinsa ƙwarai domin ido ne ya samo shi.

Mun kuma tsinci kwabban Kanada guda biyu masu ganye a baya da hoton Sarauniya Elizabeth a gaba, abin da ba baƙo ba ne a Ohio tunda tafki ɗaya ne ya raba mu, kuma su tun 2012 suka daina buga nasu. Uwargida ta leƙo ta ga na 1919 ya yi duhu, ta ce, "Malam, in kawo lemon tsami a goge shi?" Na gode mata na ce a bar shi haka, domin gogewa tana cire launin da shekaru suka ɗora, ta bar karce-karce, kuma masu sanin harkar ba sa son kwabon da aka wanke. Na riƙe shi ta gefe na sa a ƙaramar ambulan ta kwali mai tagar leda, na rubuta shekara da harafi da ranar da aka same shi, haka ma na 2000.

Kafin magariba muka sake naɗe sauran hamsin-hamsin, na ja layi da biro a jikin kowace takarda don in gane su in sun sake zagayowa hannuna. Ranar Litinin zan kai su wani reshe na daban, domin bai dace in mayar wa matar da ta taimake ni kayan da na riga na tace ba, kuma a wannan lokaci na ƙarancin canji na san za a karɓe su da murna. Na 2000 ɗin kuma zan tafi da shi taron masu tara tsoffin kuɗi na wannan wata, in sa wani dattijo da ya fi ni ido ya tabbatar mini da shi kafin in shigar da shi kundi.