Sarƙar babur: na'urar ɗiga mai ko shafawa da hannu?

Wannan na'urar da ke ɗiga wa sarƙa mai da kanta, irin ta kamfanin Scottoiler na Scotland, ta daɗe tana burge ni wallahi. Ɗan tanki ne ake ɗaure shi jikin babur da siririn tiyo da ya gangara har haƙoran baya inda sarƙa ke hawa, injin na tashi sai man ya fara ɗiga kaɗan-kaɗan, ka kashe injin ya tsaya. Wanda ke doguwar tafiya kan kwalta, kamar Kano zuwa Abuja, wannan hutu ne babba don ba sai ka tsaya ka durƙusa bakin titi ba.

Amma fa mu ƙura ce matsalarmu. In hunturu ya shigo ko kana bin hanyar ƙauye, sarƙar da kullum take jiƙe yashi take kwasa, shi kuma yashi in ya haɗu da mai sai ya dinga cin sarƙar da haƙoran tare, kuma in ka saki ɗigon da yawa ya fantsala kan tayar baya, wannan kam haɗari ne.

Shi ya sa ni dai hannu na zaɓa. In wanke da kananzir da tsohon buroshi, in bari ta bushe, in shafa man giya mai kauri ta cikin sarƙar, in goge rarar da tsumma. Lokacin ne ma nake ganin ko ta saki tana son ɗauri. Masu Boxer da murfin sarƙa, don Allah kar ku cire shi, kuma ku rabu da baƙin man nan da aka juye daga inji.