Kafanchan, garin da jiran jirgi ya gina

Satin da ya wuce na je Kafanchan ɗaurin auren ɗan ƙanin babanmu, ana shafa fatiha kowa ya nufi wajen shinkafa ni kuwa na sulale na tari ɗan acaɓa na ce ya kai ni tashar jirgi. Yaron ya waiwayo ya ce "Oga wace tashar, ta mota?" Na ce ta jirgin ƙasa. Ya yi dariya ya ce ai ba komai can sai ciyawa da awaki, amma tunda kuɗina ne mu je.

Abun da ya kai ni shi ne kakana na wajen uba a nan ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, mai juya layi ne, wato shi ke jan ƙarfen nan da ke karkatar da jirgi daga wannan dogon zuwa wancan. Ina ƙarami ya rasu, Allah ya jiƙansa, saboda haka yawancin labarin a bakin matarsa Iya, kakata, na ji shi, ita kuma Iya in ta fara zancen tasha to sai dai ka gyara zama.

Turawa ba don Kafanchan suka shimfiɗa dogo ba, kaya suke bi. Dogon Legas ya riga ya isa Kano tun 1912 ana kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Can gabas kuma an samu kwal a Inugu, aka ja layi daga Fatakwal ya iso can a 1916, daga nan aka ci gaba da turo shi arewa ta Makurɗi da Lafiya don ya haɗu da na Kaduna. Ga kuma kuza a Jos, wadda a lokacin wani ɗan siririn dogo ne ke ɗaukarta zuwa Zariya, ɗan ƙarami ne ba ya iya kaya da yawa (a 1957 aka rufe shi gaba ɗaya). To a 1927 aka gama reshen da ya hau dutse zuwa Jos, kuma inda ya ɓalle daga babban layi shi ne nan, ƙasar mutanen Fantswam. Hanya uku kenan ta haɗu, ɗaya Kaduna, ɗaya kudu har bakin teku, ɗaya sama ta gefen duwatsun Kagoro. Daga baya da aka ja dogo daga Kuru ya bi Bauci da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, duk wanda zai je Barno a jirgi daga Kaduna ko kudu sai ya taka Kafanchan ko yana so ko ba ya so. Har fadar Sarkin Jama'a ma tasowa ta yi ta dawo nan a 1933, ka ga ƙarfin dogo kenan.

Amma ni abun da na fahimta daga labaran Iya, jira ne ya gina garin nan. Dogon ƙwaya ɗaya ne, jirgi biyu ba sa wuce juna a daji sai a tasha, don haka na Fatakwal in ya iso dole ya tsaya na Kaduna ya shigo, na Jos kuma yana gefe yana jiran su biyun saboda fasinjojin da za su canja. Injin kwal kuwa kamar doki ne, sai an ba shi ruwa an loda masa kwal an kwashe toka, wani lokacin ma a cire shi a kai loko, wato wurin ajiye injuna da gyaransu, a ɗauro wani, direba da fayaman mai zuba kwal a wuta su sauka wasu su hau. Ga taragwan kaya da za a rarraba, wannan na kuza ne kudu zai yi, wancan gishiri ne da kananzir arewa zai yi, ƙaramin inji na ta kai da komo yana turo su ɗaya bayan ɗaya, kakana na tsaye da tuta ja da kore in rana ce, in dare ne fitila. Iya ta ce ko barci yake in ya ji usur ya san na ina ne. Kuma direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wani ɗan ƙarfe, shi ne shaidar cewa daga nan zuwa tasha ta gaba dogon nasa ne shi kaɗai, ba wanda zai taho masa gaba da gaba. Wallahi dabarar ta burge ni, ba kwamfuta ba wayar hannu amma an san inda kowa yake.

To mutum ɗaruruwa sun zauna awa biyu awa uku, wani lokacin su kwana, me za su ci? Nan Iya ta shigo. Ƙosai da kunu da asuba, da rana dafaffen ƙwai da rake da gyaɗa, ta tagar tarago ake miƙawa, kuma ta ce ka karɓi kuɗinka kafin ka saki kaya don in jirgi ya motsa ka yi asara. "Maigidana," haka take ce min, "da kuɗin ƙosan tasha na yi wa gwaggonninka uku kayan ɗaki, kai da digirinka me ka saya min?" Ba ni da amsa. A bakin tagar nan ta koyi ƙirga da Ibo da Yarbanci, don kwatas ɗin reluwe kowa da kowa ne, akawu da makanikai daga kudu, leburori da 'yan dako daga ko'ina. Da rikicin 1966 ya zo sannan yaƙin basasa, maƙwabtanta da yawa a jirgin nan suka tafi, wasu sun dawo wasu shiru har yau. Nan wurin ba ta son a ja zancen.

Injin dizal da ya zo ba ya bukatar ruwa da kwal, jiran ya ragu. Sai tituna suka yi kyau, tirela da luksuriyos suka kwashe kaya da fasinja, jirgin kullum ya koma na sati, na sati ya koma sai an gani. Sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma faɗin dogonsa daban ne, ko da an so ba zai hau wannan ba. A 2021 an yi bikin ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mutanen garin dai suna nan suna sana'ar da suka gada, jira.

Na zagaya na ga tsofaffin taragwai sun yi tsatsa, yara na wasan ɓuya a ciki, wata mata ta shanya barkono a kan dandamali. Na samu ɗaya daga cikin ƙarafan juya layin na kama da hannu biyu na ja iya ƙarfina, ko gezau. Ɗan acaɓan na kallona ya ce "Oga lafiya dai ko?" Na ɗauki hoto na kai wa Iya da daddare, ta kawo wayar dab da idonta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wannan ba nasa ba ne, nasa na can gaba wajen tankin ruwa, ɓangaren Jos.