Abin da na koya daga littafin da aka hana ni karantawa

Yanzu da na ajiye aiki a gidan rediyon da na yi wa hidima a Gusau, abokan aiki suna tambayata abin da na ƙaru da shi a shirin karatun littattafai na dare. Amsata ta rataya ne a kan littafi guda, wanda wata matashiya daga Talata Mafara ta aiko mana tun ba a buga shi ba, kuma har yau ban riƙe labarin tsoro da ya kai shi ƙarfi ba.

Labarin wani dutse ne da ya faɗo daga sama kusa da ramin masu haƙar zinare, suka haɗa shi da nasu suka kai injin niƙa, ƙurarsa ta bi iska ta shiga gidaje. Ashe halittu ne daga wata duniya a cikinta, masu shiga jikin mutum su zauna ba tare da sun sauya masa kama ba. Marubuciyar ba ta taɓa siffanta su ba. Abin da ta nuna shi ne uwa tana ba ɗanta kunu, sai ta lura tun asuba bai ƙifta ido ba, ga shi kuma ya kira ta da sunanta na yanka, wanda ba mai faɗarsa a gidan. Littafin yana da rauninsa, domin a tsakiya akwai wani likita mai dogon bayanin kimiyya da ke kashe wa labarin gudu, amma wannan gyara ne na kwana ɗaya.

Duk ɗan Zamfara ya san inda ta samo wannan tsoro. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare a tsakar gidajen da yara ke rarrafe, kuma iyaye ba su san abin da ke cinye 'ya'yansu ba sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka shigo aka auna jini.

Shugaban sashenmu ya duba 'yan shafuka ya ce, "Malam, Bahaushe bai san wasu halittun sama ba. A mayar da su aljanu, a kawo mai ruƙiyya a ƙarshe." Na ce, "Ranka ya daɗe, aljani mun san shi, mun kuma san inda ake kai ƙararsa. Firgicin littafin nan duka yana kan abin da ba mu da sunansa ne." Na ƙara da cewa faɗowar dutse daga sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tunda a 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, kuma masana sun tabbatar daga duniyar Mars ya fito.

A taron mako ya ce a gaban kowa ina nuna masa boko. Aka mayar da ni karanta cigiya da sanarwar rasuwa, aka miƙa littafin ga wani ya cusa aljanu da mai ruƙiyya, aka watsa shi a matsayin aikin sashe, ba a ko ambaci sunan yarinyar ba. Tun dare na biyu masu bugo waya suka riƙa faɗin yadda zai ƙare.

Ga wanda zai gaje ni, kada ka miƙa wa na sama da kai rubutun wani sai da yardar mai shi a rubuce, kuma duk ra'ayin da ka bayar kan littafi ka ajiye kwafinsa. Karatun sanarwa ma ya koya mini furta sunayen ƙauyuka daidai. Ainihin rubutun kuwa na mayar wa mai shi da hannuna, ta rage surutun likitan, ta bar halittunta yadda ta ƙirƙire su, kuma yanzu tana neman mai bugawa.