Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gonar da ta yi furfura

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aikin ɗibar samfurin ƙasa da ruwa a kewayen rijiyoyin mai. Kayan aikina kaf ba su wuce kwalabe ba, da ƙaramin ƙarfen haƙa, da akwatin ƙanƙara, sai wata na'ura kamar biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan gishirinsa.

Rijiyar farko da aka tura ni tana tsakiyar gonaki, an kewaye ta da waya. An kankare ƙasar sama an tara ta tsibi guda, saboda ƙa'ida ta ce a mayar da ita in an tashi. Ni dai baƙin mai na je nema. Hotunan ƙasar Ogoni ta yankin Neja Delta, wadda malalar mai ta ɓata, ne cike da kaina, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ɓarnar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Na zaga, na sake zagawa, ko ɗigo ban gani ba. Har na fara tattara kaya.

"Yaro, kai ne mai kwalaben?"

"Ni ne, Baba."

"To zo ka ga gonata ta yi furfura."

Ya kai ni gangare. Masara ta tsaya iya gwiwa, bakin ganyenta a ƙone. Gaba kaɗan ko ciyawa babu, sai fari-fari a kan ƙasa kamar an barbaɗa toka. Na jiƙa ƙasar a kwalba na tsoma na'ura, lamba ta yi sama har na zaci ta lalace.

A ranar na san rijiyar mai ba mai kaɗai take amayowa ba. Tana fito da ruwan da ya daɗe kwance a cikin dutse, wanda sau da yawa ya fi na teku gishiri. In rijiya ta tsufa, gangar mai ɗaya, lita 159 ke nan, kan zo da ganguna da dama na wannan ruwa. Ƙa'idar ita ce a tara shi a tanki ko a rami mai shimfiɗar roba, sannan a tura shi can ƙarƙashin ƙasa ta bututun da aka ɗaure da siminti. Robar ramin nasu ta yage ta gefe, damina ta ƙarasa aikin.

Shi mai, in aka yi ta juya ƙasa ana ba ta taki, ƙwayoyin halitta kan cinye mafi yawansa a hankali. Gishiri kuwa ba ya ruɓewa. Yakan daskarar da ƙasa har ruwa ya kasa shiga, sai an yi shekaru ana zuba wani farin ma'adini mai suna jifsam ana wanke ta.

Jami'in kamfanin da ke da rijiyar bai musa ba, tambaya ɗaya ya yi: ina samfurin wannan wuri kafin a fara haƙa? Na buɗe fayil. Waɗanda suka yi binciken farko a bakin hanya suka ɗiba, ba wanda ya sauka gangare. Ya ce to wa ya san ko can dama ƙasar mai gishiri ce.

Gwiwata ta yi sanyi. Baba ya nuna min wata gona da ke sama da ramin, masararta ta fi ni tsawo.

"Ta ƙanena ce. Gona ɗaya ce mahaifinmu ya raba mana. Ɗebo tata ka haɗa."

Na cika kwalba shida. Abin da ɗakin gwaji ya ce, sai mako mai zuwa.